Matsalar ruftawar ƙasa a gonakin lardin Konya na Turkiyya

Manoma a tsakiyar ƙasar Turkiyya na wayar gari su tarar da gagga-gaggan ramuka a cikin gonakinsu. Masana na danganta lamarin da fari da kuma yawan janye ruwan ƙarƙashin ƙasa domin noman rani.

Filin Konya, wanda ake yi wa kirari da rumbun hatsin Turkiyya, shimfiɗaɗɗen wuri ne da ke samar da kaso mai tsoka na alkamar da ake ci a ƙasar. To sai dai kuma a 'yan shekarun baya-bayan nan sunansa ya fi fitowa dangane da wata matsala dabam, wato burmawar ƙasa ba zato ba tsammani, musamman a gundumar Karapinar. Manomi kan kwana da gonarsa lafiya lau, gari na wayewa sai ya iske rami zagayayye mai faɗin mita goma ko fiye, da zurfin da kan kai na bene mai hawa da yawa. Turkawa na kiran irin wannan rami "obruk". A shekara ta 2021 Farfesa Fetullah Arik na Jami'ar Fasaha ta Konya, wanda ke jagorantar wata cibiyar bincike kan matsalar, ya ƙidaya ramuka kusan 600 a yankin, alhali a shekarar da ta gabace ta adadin bai wuce 350 ba.

Wannan ruftawa ta sha bamban da zaizayar ƙasa, wadda ruwa ke ci daga sama kowa na gani. Ita daga ƙasa take farowa. A ƙarƙashin filin Konya akwai dutsen farar ƙasa, irin wanda ake sarrafa siminti da shi, kuma ɗabi'arsa ce ya narke sannu a hankali in ruwa ya daɗe yana ratsa shi. Ruwan sama kan kwashi iskar kabon daga sararin samaniya da kuma cikin ƙasa, ya zama mai ɗan tsami, sa'annan ya riƙa cin dutsen tsawon dubban shekaru har koguna su samu. Muddin waɗannan koguna na cike da ruwa, ruwan kan taimaka wajen tallafe ƙasar da ke bisansu. Da zarar ruwan ya ja baya, sai rairayi da yumɓu su fara zuba cikin kogon, rufin ya yi ta sirancewa, har ranar da zai kasa ɗaukar nauyin da ke kansa.

A haƙiƙa lamarin ba baƙo ba ne a yankin. Ramin Kizoren, mai faɗin sama da mita 200 kuma cike da ruwa, ya daɗe ƙwarai da samuwa, har ma a ƙarni na 13 daular Saljuƙawa ta gina zangon fatake a bakinsa, saboda ayarin raƙuma su samu ruwa. Abin da ya canza shi ne yawan ramukan da saurin ɓullarsu da kuma matsowarsu kusa da ƙauyuka da hanyoyin mota. Ruwan saman da Karapinar ke samu bai cika wuce milimita 300 a shekara ba, amma duk da haka manoma da dama sun koma ga noman masara da wata saiwa da ake tatsar sukari daga jikinta, saboda sun fi kawo kuɗi, ko da yake sun fi alkama da sha'ir shan ruwa nesa ba kusa ba. Domin shayar da su an haƙa dubun-dubatar rijiyoyin burtsatse, kuma waɗanda ba su da lasisin hukuma sun fi masu lasisi yawa.

Akwai shaida daga wata nahiyar a game da wannan dangantaka tsakanin janye ruwa da ruftawar ƙasa. A watan Janairun shekara ta 2010 an yi kwanaki 11 ana matsanancin sanyi a jihar Florida ta Amurka, inda ita ma dutsen farar ƙasa ne a ƙarƙashinta. Manoman 'ya'yan sitiroberi a kewayen garin Plant City suka riƙa kwana suna feshin ruwan rijiya don kare amfaninsu daga daskarewa. Sakamakon haka ruwan ƙarƙashin ƙasa ya sauka da kimanin mita 18 a wasu wurare, ramuka kusan 140 suka buɗe, kuma rijiyoyi sama da 750 suka samu matsala.

Ga manomin da ya tarar da irin wannan rami a gonarsa, shawarar farko da masana ke bayarwa ita ce ya nisance shi. Bakin ramin shi ne wuri mafi haɗari, domin sau tari ƙasar da ke gefen a rataye take, ƙarƙashinta fayau. Wajibi ne a kewaye wurin da shinge ko waya da tazara mai yawa, a hana yara da dabbobi kusantarsa, a kuma janye tarakta da injin ban ruwa, saboda nauyi da girgiza da ƙarin ruwa duk suna gaggauta faɗuwar gefen. Dalilin barin tazara shi ne rami kan ci gaba da faɗaɗa. Wanda ya ɓulla a wata gona a jihar Puebla ta Meziko a ƙarshen watan Mayun 2021 ya fara ne da faɗin kimanin mita biyar, amma cikin 'yan makonni ya zarce mita 120, ya kuma haɗiye gidan wasu iyali da ke kusa.

Mataki na biyu shi ne sanar da mahukunta. A Turkiyya hukumar ba da agajin gaggawa ta AFAD ce ke karɓar rahoto, tana kuma tattara bayanai domin taswirar wuraren da ke cikin haɗari. Masana kimiyyar ƙasa kan zo da na'urorin da ke aika wutar lantarki ko siginar rada cikin ƙasa, don gano ko akwai wasu kogunan a ɓoye. Kafin zuwansu, mai gona na iya lura da wasu alamomi: tsagewar ƙasa a zagaye, lotsawar wani sashe da ruwa ke taruwa a cikinsa, karkacewar turaku ko bishiyoyi, tsagar bango, ko kuma gurɓacewar ruwan rijiya ba tare da dalili ba.

Babban kuskuren da akan tafka shi ne mayar da ramin juji. Duk abin da aka jefa ciki, shara ce ko mushe ko robobin maganin feshi, kai tsaye yake isa ga ruwan da rijiyoyin ƙauye ke janyowa, ba tare da ƙasa ta tace shi ba. Kazalika cika shi da zallar ƙasa ba ya magani, domin ƙasar kan bi ta maƙogwaron ramin ta sulale, a sake komawa gidan jiya. Idan ramin ƙarami ne, injiniyoyi kan tone shi har su kai ga dutse, su toshe bakin kogon da manyan duwatsu, su bi da matsakaita, sai tsakuwa, sai yashi, sa'annan su rufe da yumɓu da ƙasar noma. Wannan tsari na barin ruwa ya wuce amma yana riƙe ƙasa. A inda akwai gini kusa, akan ɗura kwaɓaɓɓen siminti ta cikin bututu. Amma manyan ramuka irin na Karapinar, kuɗin cika su kan zarce darajar gonar, saboda haka galibi shinge ake yi musu a haƙura da wurin.

Dukkan waɗannan matakai rami ɗaya kawai suke magancewa, ba su taɓa musabbabin matsalar ba. Gwamnatin Turkiyya ta haƙa wata hanyar ruwa mai tsawon kilomita 17 ta cikin duwatsu, wadda ke karkato ruwan kogin Goksu zuwa filin Konya, kana tana ƙarfafa wa manoma gwiwar yin ban ruwa na ɗigo a maimakon malale gona. Masana na kira da a sa ido kan rijiyoyin da ba su da lasisi, a kuma koma ga amfanin gonar da ya dace da busasshiyar ƙasa. A nan ne gizo ke saƙa, domin manomin da ya ci bashi ya sayi injin ban ruwa ba zai bar masara cikin sauƙi ba, sai fa in an tabbatar masa da farashin alkama ko sha'ir da zai riƙe iyalinsa. Matuƙar ruwan da ake janyewa ya fi wanda damina ke mayarwa, manoman Karapinar za su ci gaba da shiga gonakinsu da safe suna duba ƙasa kafin su tayar da tarakta.