Girmamawa a Bakin 'Yan Wasa: Kwatancin Wasannin Telebijin na Sin da na Koriya

1. Gabatarwa

Masu sha'awar wasannin kwaikwayo na ƙasar Sin da na Koriya ta Kudu sukan yi gardama a kan wanne ya fi. Galibi abin da su ke aunawa shi ne tsawon labari, da kyan tufafi, da yawan faɗa ko soyayya. Wannan takarda za ta taɓa tsarin wasannin a taƙaice, sa'an nan ta tsaya a kan abin da ya fi shafar malamin harshe, watau yadda kowane ɗayansu ya ke nuna girma da ƙanƙanta a cikin magana, da abin da ke salwanta idan an fassara.

2. Tsari

Wasan Koriya na zamani yakan zo kashi 16 ko 20, kowane kashi wajen awa guda, ana nuna biyu a mako. Winter Sonata na 2002 kashi 20 ne, Descendants of the Sun na 2016 kuwa 16. Na tarihi sun fi tsawo: Dae Jang Geum na 2003 kashi 54 ne, Jumong na 2006 kuma 81. An daɗe a Koriya ana fara nuna wasa tun ba a gama ɗaukarsa ba, don haka marubuci yana iya karkata labari bisa ga abin da masu kallo su ke so.

A Sin ba haka abin ya ke ba. Sai an gama wasa, hukuma ta duba ta ba da izini, kana a nuna shi. Kashi ɗaya wajen minti 45 ne, amma kashin yana da yawa: Zhen Huan Zhuan na 2011 kashi 76 ne, Langya Bang na 2015 kashi 54, Yanxi Gonglue na 2018 kuwa 70. A 2020 hukumar rediyo da telebijin ta ƙasar ta nemi kada wasa ya wuce kashi 40. Wannan tsawo shi ya ba marubutan Sin sararin saƙa makircin fada a hankali, alhali na Koriya sun fi tattara hankali a kan mutum biyu ko huɗu.

3. Koriyanci: girma a ƙarshen jimla

Aikatau a Koriyanci a ƙarshen jimla ya ke zuwa, kuma ba ya tsayawa sai da ɗafi mai nuna matsayin wanda a ke yi wa magana. Aikatau mai ma'anar tafiya yana fitowa ga tsakanin abokai, gayo cikin ladabi, gamnida kuwa a gaban shugaba ko taro. Har wa yau akwai ɗafin si, mai girmama wanda a ke magana a kansa. Ashe ke nan Bakoriye ba ya iya rufe jimla bai bayyana inda ya ajiye abokin maganarsa ba.

Marubuta sun mai da wannan abin aiki. Saurayi da budurwa sukan shafe kashi da yawa suna maganar ladabi, wadda a ke kira jondaenmal. Ranar da ɗayansu ya yar da yo ya koma banmal, maganar sabo, mai jin harshen ya san al'amari ya sake, ko da ba a ambaci so ba. Haka kuma yaron ofis da ya yi wa maigidansa banmal ya yi tawaye ke nan. Sunayen 'yan'uwantaka ma huɗu ne ga babba: namiji ya ce hyeong da nuna, mace ta ce oppa da eonni. Mace kuwa takan kira saurayinta oppa idan ya girme ta.

4. Sinanci: girma a sunan kai

Aikatau a Sinanci ba ya sake kama ko kaɗan. Abin da ya rage na ladabi a wakilin suna shi ne ni da nin, kamar kai da ku na girmamawa. Saboda haka wasan Sin na zaman yau bai kai na Koriya nuna matsayi a nahawu ba. Amma a wasan fada, sai nauyin ya koma kan kalmar da mutum ya ke kiran kansa da ita. Sarkin sarakuna shi kaɗai ke cewa zhen, al'adar da ta faro daga Qin Shi Huang a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa. Bafade ya ce chen, kuyanga ta ce nubi, matar sarki ta ce chenqie a gaban mijinta, amma bengong a gaban na ƙasa da ita. A labari irin na Zhen Huan, wadda ta hau, ta faɗi, ta sake hawa, ana iya bin sa'arta ta wajen sauraron wannan kalma kaɗai.

Akwai wani bambanci kuma. Sau da yawa muryar da a ke ji a wasan Sin ba ta ɗan wasan ba ce. Gwanayen murya ne su ke maimaita maganar cikin daidaitaccen Sinanci. Sun Li ce ta fito a matsayin Zhen Huan, amma muryar ta Ji Guanlin ce.

5. Abin da ya shafi Hausa

Yawancin Hausawa masu kallo ta fassarar Ingilishi da ke ƙasan hoto su ke bin labari. Ingilishi kuwa wakilin suna ɗaya gare shi na mai magana, ɗaya na mai sauraro. Duk zhen da nubi da bengong sai su zama abu guda, gayo da ga su daidaita. Mai kallo yana ganin fuskar budurwa ta sake, bai san dalili ba.

Hausa ta fi kusa da waɗannan harsuna a nan. Tana da ku da su na girmamawa, tana da mu na sarauta, da “bawanka”, da “ranka ya daɗe”, da “Allah ya ba ka nasara”. Tana da “Yaya”, wadda yarinya kan ci gaba da kiran ɗan baffanta da ita ko bayan an yi musu auren zumunci, kuma wannan ita ce mafi kusa da oppa. To, wanda ya fassara daga Ingilishi ya zubar da abin da Hausa ke da mazubinsa. Aikin kuwa ba na nesa ba ne, domin tun 2013 aka juya wasan Beijing Aiqing Gushi zuwa Hausa.

Amma Hausa ma tana da nata tarnaƙi. Tilas ta rarrabe kai da ke, ka zo da kin zo, alhali Sinanci da Koriyanci ba su tilasta haka. A wasa irin Coffee Prince na 2007, inda saurayi ya ɗauki budurwa namiji ce, mai fassara sai ya zaɓi jinsi a kowace jimla, ya kuma san daidai inda kai zai koma ke. Wannan juyi, in an yi shi a wurinsa, yana iya ɗaukar nauyin da faɗuwar yo ta ɗauka.

6. Kammalawa

Koriyanci yana ajiye girma a wutsiyar aikatau, Sinancin fada kuwa a sunan da mutum ya ba kansa. Malamin kwalejin horon malamai yana iya ɗaukar fitowa guda, ya sa ɗalibai su fassara ta daga Ingilishi, sa'an nan ya bayyana musu ɗafin da aka yi amfani da shi a asali, su sake fassarawa. Bambancin fassarar biyu zai nuna musu yawan kayan ladabi da ke cikin harshensu, waɗanda littattafan nahawu ba su cika tsayawa a kansu ba.