Idan Fankar Hitar Mota Ta Tsaya

Direban da ruwan sama ya tarar a hanyar Zariya zuwa Kano cikin watan Agusta ya san amfanin 'yar fankar nan da ke ɓoye a ƙarƙashin dashbod. Da zarar an rufe tagogi, sai tururin numfashin fasinjoji ya sauka a kan gilashin gaba mai sanyi ya zama raɓa, hanya ta ɓace wa direba. Iska mai ɗumi da fankar ke hurawa ita ke busar da gilashin, don haka tsayawarta na iya jawo haɗari.

Zafin kuwa ba daga fankar yake fitowa ba. Ruwan da ke sanyaya injin mota, wanda zafinsa kan kai kusan digiri 90 a ma'aunin Salsiyas, shi ke ratsa wani ƙaramin lagireto, fanka kuma ta tura iska ta cikinsa. Abin da ke juya ta ɗan inji ne mai cin wutar batir ta bolt 12, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya nuna a 1821, wato waya mai ɗauke da lantarki tana motsi idan ta kusanci maganaɗisu.

Gwanin gyara, kamar likita, alamu yake fara karantawa. Idan fanka ta yi shiru a kowane mataki, fis ake fara dubawa. Idan tana aiki a matakin ƙarshe kaɗai, yawanci rizista ce ta ƙone, domin ita ke rage wuta a ƙananan matakai, na ƙarshen kuwa ba ya bi ta cikinta. Idan sai an bubbuga ta sannan ta tashi, to buroshin gawayi biyun da ke kai wuta cikin injin sun cinye, canji suke bukata. In shakka ta rage, sai a haɗa injin da batir kai tsaye. Ya juya, laifin na waya ne ko na makunni.

Wani lokaci mai laifin mai rai ne. Ɓera kan yi sheƙa a gidan fanka, kuma da yake haƙoransa na gaba ba sa daina girma, sai ya gwigwiyi wayoyi. Sheƙar da ƙurar hunturu su cushe fankar, injin ya ja wuta fiye da ƙima, fis ya ƙone. A nan ne wasu kan ɗaura guntun waya a gurbin fis. Wannan ganganci ne, domin an cire mai gadi ke nan, kuma zafin da fis zai tare na iya kama motar da wuta.