Kafin ka sayi hedfon a Kakuri ko Sabon Tasha, rage ƙarar tukuna

A shagunan kayan waya na Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha, hanyar gwada hedfon ɗaya ce. Mai saye zai nuna wanda ya yi masa kyau a ido, yaron shago ya ciro shi daga kwali, ya haɗa da tasa wayar, ya zaɓo waƙa mai ganga da yawa, ya ƙure ƙara, sannan ya kafa wa mutum a ka. Bes ya daki kwanya, mai saye ya gyaɗa kai, ciniki ya faɗa. Sai an koma gida an saka tafsiri ko labaran rediyo a ji muryar mai magana kamar daga cikin rijiya take fitowa.

Ba lallai ne yaron shagon ya yi niyyar cuta ba. Halittar kunnen ɗan Adam ce ta ba da wannan ƙofa. A shekarar 1933 wasu masana biyu na ɗakin binciken Bell a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka auna yadda kunne ke karɓar sauti, suka gano cewa idan ƙara ta yi ƙasa kunne ba ya kama sauti mai kauri sosai, haka ma siririn sauti na can sama. Da zarar an ɗaga ƙara sai su fito fili, a ji kiɗan ya cika. Shi ya sa idan aka gwada hedfon biyu, wanda ya fi ƙara shi ake ɗauka ya fi daɗi, ko da ɗayan ya fi shi tsabtar sauti. Gwajin da aka ƙure wa ƙara yana rufa wa kowane hedfon asiri.

Ni a ganina, gwajin gaskiya shi ne na murya a ƙaramar ƙara. Ka je da taka wayar, da abin da ka saba ji har ka haddace yadda yake fita: karatun wani alaramma, wa'azin fastonku, ko shirin rediyo da kake bi. Ka sa ƙarar a rabi ko ƙasa da haka. Idan kana jin kowace kalma ba tare da ka tattara hankali ba, an kama hanya. Dalili kuwa shi ne haruffan da ke bambance kalma da kalma, irin su s da sh da ts da f, suna zaune ne a saman ma'aunin sauti, wajen hez 2,000 zuwa 8,000, alhali bes yana can ƙasa da 250. Idan aka cika bes fiye da kima sai ya danne abin da ke samansa, murya ta dushe. Bayan murya sai kiɗa, kuma a nan tsofaffin waƙoƙinmu sun fi na zamani tona asiri. Kalangun da ke bayan Mamman Shata ya kamata a ji hawansa da saukarsa, ba gunji kawai ba. Kuntigin Ɗanmaraya Jos ya kamata ya fito tas ba tare da ya soki kunne ba. Hedfon da ya ci waɗannan biyun zai iya da sauran.

Maganar kuɗi fa? Tun da darajar naira ta faɗi a tsakiyar 2023 kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, ɗalibin da ke karatu a reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Barnawa ko mai kiɗan coci a unguwar Television ba shi da kuɗin zubarwa. Akwai labari mai daɗi gare su. A 2017 wani masani mai suna Jeroen Breebaart ya wallafa nazarin awon hedfon 283 a mujallar ƙungiyar masana sauti ta Amurka, bai kuma sami wata alaƙa ta a zo a gani tsakanin farashi da yadda hedfon ke rarraba sauti ba. A kamfanin Harman, wanda ya mallaki JBL da AKG, Sean Olive da abokan aikinsa sun shafe shekaru tun daga wajen 2012 suna sa mutane saurare ba tare da sun san sunan abin da ke kansu ko kuɗinsa ba. Kusan kashi biyu cikin uku sun zaɓi sauti daidaitacce mai ɗan ƙarin bes kaɗan, irin wanda lasifika mai kyau ke bayarwa a ɗaki mai kyau. Kada a fahimci wannan da cewa na dubu kaɗan da ake tallarsa a baro daidai yake da na kamfani. Kuɗi yana sayen ƙarko da laushin soso da igiyar da ba ta tsinkewa a wata biyu. Abin da binciken ya nuna shi ne tsada ita kaɗai ba shaida ba ce, kuma mai ƙaramin ƙarfi zai iya samun sauti mai kyau idan ya san abin da yake nema.

Lambobin da ke jikin kwali, yawancinsu ado ne. Kusan kowane kwali yana ɗauke da hez 20 zuwa 20,000, wato iyakar jin yaro mai lafiyayyen kunne, amma ba ya faɗin ko an raba ƙarfin daidai a tsakanin iyakokin biyu. Girman lasifikar ciki, milimita 40 ko 50, shi ma ba ya yanke hukunci. Sony MDR-7506, wanda ya fito a 1991 kuma har yau ake aiki da shi a gidajen rediyo da wuraren ɗaukar fim, milimita 40 ne. Lamba ɗaya ce ta cancanci a duba idan mai igiya za a saya, ita ce ta om, wadda ke nuna irin turjiyar da hedfon ke yi wa wutar da waya ke tura masa. Daga 16 zuwa wajen 64 waya za ta iya. Mai 250, irin wasu na Beyerdynamic da ake samu a gwanjo, sai da na'urar ƙara ƙarfi, in ba haka ba za a ji shi can ƙasa-ƙasa a ce ya lalace.

Abin da ya fi kowace lamba muhimmanci, kuma ba a cika kula shi ba, shi ne soson da ke zagaye kunne. Hedfon mai rufe kunne yana aiki ne da iskar da ya kulle tsakanin lasifikarsa da dodon kunne. Idan akwai kafa, ko da ta ƙafar tabarau ce ko gefen hula ko ninkin ɗankwali, bes zai tsere ta nan, hayaniyar waje kuma ta shigo ta nan. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa da sunan masu rufe kunne ƙanana ne, a kan fatar kunnen suke zama suna matsa ta, bayan sa'a guda kunne ya yi zafi. Sai ka tabbata kunnenka ya shige ciki gaba ɗaya, soson ya kwanta a kan ƙashin kai. Ka sa shi ba tare da kunna komai ba, ka saurari titi. Idan hon ɗin Keke da ihun 'yan kamasho sun ragu sosai, soson na aiki. Ka kuma tambaya ko ana iya cire soson a sauya, domin fatar roba da ake lulluɓe shi da ita ba ta jure gumin Maris da Afrilu, ɓarewa take yi, ƙurar hunturu kuma ta ƙarasa ta. Hedfon da ake sauya wa soso da igiya zai yi shekaru, wanda aka manne komai nasa kuwa ranar da abu ɗaya ya mutu shi ke nan.

Akwai kuma masu buɗaɗɗen baya, waɗanda Sennheiser ta fara fitarwa a 1968 da samfurin HD 414. Sautinsu yana da faɗi da sakewa, amma ba sa tare komai, na kusa da kai ma yana jin abin da kake ji. Ga mai ɗaki shiru a Barnawa suna da daɗi. Ga wanda tagarsa ke kallon titin Kachia ko maƙwabcinsa ke da injin markaɗe, mai rufaffen baya ne nasa.

Dalilin da ya sa na nace a kan soso ya wuce daɗin kiɗa. Kudancin kogin Kaduna ya san hayaniya tun da daɗewa. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, masaƙun UNTL da Arewa suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975. Zauren saƙa yana cikin wuraren aiki mafi ƙara a duniya, sau da yawa yakan haura desibel 90, kuma kurumtar masu aikin masaƙa tsohuwar cuta ce da likitoci suka sani tun daga masaƙun Ingila. Waɗancan iyayen namu neman abinci ne ya kai su cikin ƙarar. Jikokinsu kuwa da kuɗinsu suke sayen ta su ɗora a kunne. A cikin kunne, can bayan dodon, akwai wani ɗan bututu mai naɗi da ke ɗauke da ƙwayoyin gashi wajen 15,000, su ne ke mayar da motsin sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ɓarnar takan fara a wajen hez 4,000, daidai inda haruffan nan suke, shi ya sa mutum zai ce yana jin magana amma ba ya gane ta, musamman a taron biki ko cikin kasuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'aunin da ta fitar tare da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019 shi ne desibel 80 na sa'o'i 40 a mako ga babba, 75 ga yaro. Lissafin yana gudu da sauri: a desibel 90 sa'o'i 4 ne kacal a mako, a 100 kuwa kimanin minti 20. Waya da hedfon idan aka ƙure su suna iya wuce 100. Ba don son kurumta mutum ke ƙure ƙara ba, janareta ne ko injin bas ke gasa da abin da yake ji. Hedfon da ya rufe kunne da kyau yana rage wannan gasar, sai mutum ya wadatu da ƙasa da kashi 60 cikin ɗari na ƙarar wayar, wanda shi ne shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya.

Masu kashe hayaniya da lantarki, fasahar da kamfanin Bose ya fara sayar wa matuƙa jirgin sama a 1989, yanzu sun sauko har cikin kayan Soundcore da Oraimo. Ƙaramin makirfo ne ke sauraron waje, hedfon ya fitar da kishiyar sautin, su kashe juna. Suna da tasiri a kan gunji mai ɗorewa irin na janareta da injin mota, amma hon da muryar mutane sai dai soso ya tare su. A masu araha wani lokaci akan ji wani siririn huci idan an kunna, don haka a gwada a shago ba tare da kiɗa ba. Kuma don Allah kada a tsallaka titin Kachia ko layin dogo na Kakuri da kunne a toshe.

Tsakanin mai igiya da mai Bluetooth, idan kuɗin ɗaya ne, mai igiya yakan fi sauti, domin kuɗin ɗayan an raba shi tsakanin batir da makirfo da sauran kayan lantarki. Batir kuma yana tsufa cikin 'yan shekaru, zafi yana gaggauta masa. Apple ta cire ramin igiya daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni suka bi sahu, amma yawancin wayoyin Tecno da Infinix da itel da ke hannun jama'armu har yanzu suna da shi. Wanda ya fi son Bluetooth ya nemi mai ramin igiya a jikinsa, saboda ranar da aka ɗauke wuta caji ya ƙare. Mai haɗa waƙa ko tace muryar bidiyo kuwa ba shi da zaɓi sai igiya, domin Bluetooth yana jinkirta sauti kaɗan. Irin su Audio-Technica ATH-M20x an yi su ne don mai fara wannan sana'a. A tuna kuma, waƙar da ta bi ta hannu goma a WhatsApp an riga an matse ta, babu hedfon da zai dawo da abin da aka zubar.

Sauran batun jabu ne. Idan aka ce maka ga JBL ko Sony a kuɗin da bai kai rubu'in na ainihi ba, suna kawai aka buga. Gara orijina na ƙaramin kamfani da jabun babba, ko ba komai akwai garanti. A karɓi rasit, a yi magana da mai shago a kan sauyi kafin a biya, a lanƙwasa igiya a wajen bakinta a ji ko sautin yana yankewa, a kuma tabbata kunnen hagu da na dama ƙararsu ɗaya.

Duk wanda ya cire hedfon ya ji kunnensa na ƙugi ko ya toshe, kunnen ne ke ba da sanarwa, ya rage ƙara daga ranar. Idan ƙugin ya ƙi tafiya, ko ka lura kana yawan cewa a maimaita maka magana, kada ka tsaya ɗiga man zaitun ko sosa da tsinke. Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, a nan cikin Kaduna take, gada kawai za ka haye. Ka je a auna jinka, ka tafi da yaran gidanku masu kwana da hedfon a ka.