Yadda Za Mu Tsare Jarinmu Sa'ad da Kasuwa Ta Yi Sanyi

A zagayen da muke yi wurin ƙungiyoyin gama kai, akwai wani kuka da muka sha ji daga bakin masu lura da kantin ƙungiya, da masu injin niƙa, da mata masu yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Kukan kuwa shi ne, ana ciniki kowace rana, littafi yana nuna riba, amma kaya sai raguwa suke yi a kan kanta. Wasu har sun fara zargin ma'aji ko yaron kanti da sata. Sau da yawa kuwa babu wanda ya saci ko sisi. Jari ne yake narkewa a hankali ba a lura ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu tattauna da ku, 'yan'uwa shugabanni, a kan yadda ake riƙe ƙaramar sana'a a lokacin wuya.

An Taɓa Yin Haka

Masana sukan ce tattalin arzikin ƙasa ya karye idan dukan abin da ƙasar take samarwa ya yi ta raguwa har wata 6 a jere. Dattawanmu suna tune da tsuke bakin aljihu na 1982 a zamanin Shugaba Shehu Shagari, da kuma shirin SAP na 1986 a zamanin Janar Ibrahim Babangida. A 2014 gangar ɗanyen mai ta haura dala 100, amma a watan Janairu na 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30, a shekarar nan kuwa tattalin arzikin Nijeriya ya ragu da wajen kashi 1.6 cikin 100. Ya sāke karyewa a 2020, shekarar cutar korona.

A ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 tsadar kaya ta ƙaru da kashi 34.8 cikin 100 bisa ta bara. A lissafin masana, wannan na ƙarshe ba karaya ba ce, hauhawar farashi ce. Amma ga mai ƙaramar sana'a a ƙauye ciwon ɗaya ne: abin da yake saye ya yi tsada, masu saye a wurinsa kuma aljihunsu ya bushe.

Ba mu da iko a kan farashin gangar mai. Muna da iko a kan littafinmu, da ma'auninmu, da bakinmu. A nan ne aikin shugaba yake.

Ku Ƙirga Jari da Buhu

Bari mu ba da misali. A ce kantin ƙungiya ya sayi takin zamani buhu 20, kowane buhu naira 20,000, watau naira 400,000 ke nan. Aka sayar da kowane buhu naira 23,000, aka sami naira 460,000. Magatakarda ya rubuta ribar naira 60,000, aka raba wa 'yan ƙungiya, kowa ya yi murna.

Da aka koma sari, sai aka tarar buhu ya kai naira 28,000. Naira 400,000 da ta rage ba za ta sayi fiye da buhu 14 ba. Ko da ba a raba kome ba, naira 460,000 buhu 16 kaɗai za ta saya. Ashe kantin bai ci riba ba, hasarar buhu 4 ya yi, sa'an nan aka ƙara raba buhu 2 daga cikin uwar kuɗi da sunan riba. In aka yi haka sau uku, sai a rufe kanti, alhali littafi bai taɓa nuna hasara ba.

Maganin wannan abu uku ne. Na fari, kafin ku sa wa kaya kuɗi, ku tambayi nawa ake sarinsa yau, ba nawa kuka saya watan jiya ba. Na biyu, kada a raba riba sai an cika kanti kamar yadda yake dā. Abin da ya saura bayan an mai da buhu 20 ɗin, shi ne riba. Na uku, a ƙarshen kowane wata mutum biyu daga cikin kwamiti, ban da mai tsaron kanti, su ƙirga kayan da hannunsu, su rubuta buhu nawa, kwali nawa, galan nawa. Naira tana iya ruɗin mutum, buhu ba ya ƙarya.

Ku San Abin da Kowane Mudu Yake Ci

Mun ziyarci wata ƙungiya mai injin niƙa bayan tashin kuɗin mai. Shugabansu mutumin kirki ne, ya ji nauyin ƙara wa maƙwabtansa kuɗin niƙa, sai ya ƙara ɗan kaɗan kawai. Abin da ake samu yana biyan mai da ladan yaro, saboda haka kowa ya zaci lafiya lau. Ran da injin ya lalace, ba a sami kuɗin gyara a akwati ba. Injin ya yi watanni a tsaye, matan garin kuwa suka koma ɗaukar hatsi a ka zuwa wani gari, inda suke biyan fiye da abin da shugaban ya ji kunyar tambaya. Tausayin nan bai amfani kowa ba.

Ga abin da muke ba da shawara. Ku auna mai lita ɗaya, ku zuba a tanki marar kome, ku ƙirga mudu nawa ya niƙa kafin ya ƙare. Ku raba kuɗin litar bisa yawan mudun. Ku ƙara ladan ma'aikaci, da kuɗin baƙin mai, da bel, da rabon makanike. Ku kuma ware wani abu kowace rana a asusun dabam domin ranar da injin zai tsufa. Jimlar nan ita ce abin da mudu ɗaya yake ci. Duk kuɗin niƙan da bai kai ta ba, daga jikin injin ake biyan sauran. Haka mai kiwon kaji zai yi da kiret ɗin ƙwai, haka mai man gyaɗa za ta yi da kwalba.

In ƙari ya zama dole, ku yi shi a fili. Ku kira taro, ku rubuta lissafin a allo kowa ya gani. Kada ku rage ma'auni a ɓoye, kada ku gauraya mai kyau da marar kyau. Mutane sukan yi gunaguni a kan tsada su manta, amma ba su manta wanda ya cuce su a awo.

Maganar Bashi

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma a lokacin tsada, bashin da aka biya bayan wata 6 ba ya sayen abin da aka ɗauka. Kantunan ƙungiya da yawa jarinsu yana zaune a gidajen mutane, ciki har da gidajen 'yan kwamiti.

A 1844, lokacin yunwa da rashin aiki a Ingila, mutum 28 a garin Rochdale, da yawansu masaƙa, suka tara fam 28 suka buɗe ɗan kanti. Daga wurinsu ne ƙungiyoyin gama kai na duniya suka gāji yawancin ka'idodinsu. Ɗaya daga cikin ka'idodin nan ita ce ciniki hannu da hannu, ba bashi. Talakawa ne kamarmu, sun kuwa san abin da bashi ya yi wa kantunan da suka riga su.

Ba mu ce a ƙi taimakon gwauruwa ko marar lafiya ba. In ƙungiya tana so ta taimaka, ta buɗe asusun taimako dabam, a san kyauta ce. Bashin kanti kuwa a sa masa iyaka da ranar biya, a rubuta, mai ɗauka ya sa hannu. Shugaba da ma'aji su fara biyan nasu. Wanda ake binsa ba shi da bakin da zai bi wani.

Rance da Ajiyar Hatsi

A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwa kuwa sukan ɗora nasu a kai. Kafin ku karɓi rance, ku lissafta ko sana'ar za ta iya biyan ruwan ta kuma bar wani abu. Kada a ci rance domin biyan albashi ko toshe hasara, gama wannan haƙa rami ne domin cike wani.

Ku tuna kuma farashi yakan sauka. A 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, a 2025 kuwa kuɗin masara da sauran hatsi ya faɗi ƙwarai, alhali taki bai sauko haka ba. Waɗanda suka zuba dukan jarinsu a rumbu suna jiran bazara sun sha wuya, balle waɗanda suka saya da kuɗin rance. Ajiyar hatsi ba laifi ba ce, amma a yi ta da wani kashi na jari, a bar sauran yana juyawa cikin kayan da mutane ba su iya fasa saye, kamar gishiri, sabulu, iri da maganin dabbobi.

Shugaba da Ma'aikatansa

Yawancinmu mutum biyu ko uku ne suke yi mana aiki, galibi kuma dangi ne ko 'ya'yan maƙwabta. Sun riga sun ga ciniki ya ragu. In shugaba ya yi shiru, sai su yi ta zato, zato kuwa yakan fi gaskiya muni. Ku zauna da su, ku nuna musu abin da ke shiga da abin da ke fita. Ku tambaye su inda ake ɓarna. Yaron inji ya fi shugaba sanin inda mai yake ɗiga, shi ne kuma zai iya cewa a tara niƙa a yi shi safe da yamma maimakon a riƙa ta da inji saboda mudu biyu.

In ragi ya zama tilas, a fara daga sama: kuɗin zaman kwamiti, abincin taro, tafiye-tafiyen da mutum ɗaya zai iya yi a madadin uku. Bayan haka ne za a zo kan ma'aikata. Sau da yawa ya fi kyau a rage kwanakin aiki a raba tsakaninsu da a sallami wanda aka sha wahalar koya masa. In kuwa ba makawa sai an sallami wani, a gaya masa tun da wuri, a biya shi hakkinsa duka. Kada a riƙe ladan ma'aikaci domin a sari kaya.

Akwai abubuwan da ba a taɓawa kome wuya: canjin baƙin mai a kan kari, allurar rigakafin kaji da dabbobi, iri mai kyau, da rubuta lissafi kowace rana. Wanda ya yi tsimin waɗannan zai biya ninki a gaba. Haka kuma aljihun gida dabam, akwatin sana'a dabam. Mai sana'a ya yanka wa kansa lada, ya tsaya a kai, ko da biki ya taso.

In an gwada duka, lissafi kuma ya nuna wani reshen sana'a yana cin sauran, a dakatar da shi tun da sauran jari a hannu. Ba abin kunya ba ne. Wanda ya tsira da buhu 14 zai iya komawa 20 in kasuwa ta farfaɗo, kamar yadda ta farfaɗo a 2017 da 2021.

Domin Taronku na Gaba

Muna roƙon kowane magatakarda ya karanta waɗannan tambayoyi a gaban 'yan ƙungiya:

1. Buhu ko kwali nawa muke da su bara war haka, nawa muke da su yau?
2. Nawa mudu ɗaya, ko kiret ɗaya, ko kwalba ɗaya take cinmu?
3. Nawa muke bin mutane, nawa ne daga ciki yake hannun 'yan kwamiti?
4. In injinmu ya tsaya gobe, akwai kuɗin gyara?

Ku aiko mana da abin da kuka gano, da dabarun da suka yi muku amfani, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru da su.