Keken Goggo Bai Mutu Ba, Dauɗa Ce Ta Kwantar Da Shi

Yau labarin wani tsohon keken ɗinki na kawo muku, amma duk wadda ta bi ni a hankali za ta tarar da soyayya a cikinsa.

Kwanakin baya na je unguwar Garu a nan Dutse gai da Goggo, ƙanwar mahaifina. Ina shiga zaure sai na yi kiciɓis da mai sayen gwangwan, ga keken Goggo an fito da shi ana ciniki. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Marigayi mijinta ne ya sayo mata shi a Kano tana amarya, tun Dutse tana ƙarƙashin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Da ya rasu, da keken nan ta riƙe marayu biyar, ci da sha da kuɗin makaranta.

Na ce, "Haba Goggo, wannan keken za a sayar a kilo?"

Ta ce, "To ya zan yi, 'yar nan? Shekara tara ke nan ko motsi ba ya yi. Ga bikin Auta ya matso, ko kwano ɗaya aka saya da kuɗin ai an rage."

Na roƙe ta ta ba ni mako guda. Washegari na sa yara suka ɗaukar min kan keken zuwa wajen wani dattijo mai gyara a kasuwa. Ya juya shi, ya leƙa ƙasansa, sai ya yi dariya ya ce, "Yarinya, wa ya zuba masa man gyaɗa?" Ashe ciwon ke nan. Man girki idan ya daɗe yana zama danƙo, ya haɗu da ƙurar hunturu da tarkacen zare, ya riƙe ƙarafan gam. Babu abin da ya karye.

Dattijon ya nuna min rubutun da ke jikin keken, Singer ne ƙirar Birtaniya. Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka a 1851, daga baya kamfanin ya gina babbar masana'anta a Clydebank da ke Sikotilan, wadda aka rufe a 1980. Kun ga ke nan keken Goggo ya haura shekara 40. Butterfly ɗin nan ma da ke gidajenmu, wanda ake yi a Shanghai ta ƙasar Sin, a kan tsarin tsohon Singer aka ƙera shi, don haka gyaransu kusan ɗaya ne. Ya koya min yadda zan yi, na dawo gida na yi da hannuna. Ga shi nan, ku riƙe.

Ki tanadi kananzir kaɗan, man keke na gaske, tsohon buroshin haƙori, ƙaramar sukudireba da tsumma mai laushi. Ki zauna a tsakar gida nesa da murhu, saboda kananzir ba ya wasa da wuta. Ki ajiye kwano kusa, duk abin da kika kwance ki jefa a ciki.

Da farko ki cire bel. Kafin ki zare allura, ki duba da kyau wane ɓangare gefenta mai faɗi yake kallo, domin idan kika mayar da sabuwa a juye keke ba zai kama zare ba. Sai ki fitar da ƙoshiya da kwarkwaro, ki kwance farantin da ke ƙarƙashin allura. A nan za ki sha mamaki. Ni abin da na tono daga tsakanin haƙoran da ke jan yadi ya kusa cika tafin hannuna.

Daga nan ki kwantar da kan keken, ki ɗiɗɗiga kananzir a duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, ki bar shi ya kwana. Da safe ki riƙa motsa tayar hannu gaba da baya a hankali. Kada ki yi masa ƙarfi, 'yar uwa, haƙuri yake so. Na Goggo sai a kwana na uku ya juya. Idan ya saki, ki goge kananzir ɗin tas, sannan ki sa man keke ɗigo ɗaya a kowane rami, har da mahaɗan feda da babbar tayar ƙasa.

Baƙin jikinsa mai zanen ruwan zinare kuwa, kul kika kai masa ruwa da Omo ko soson ƙarfe, zanen zai tafi ba dawowa. Man keke za ki ɗan shafa a tsumma ki bi shi sannu. Idan bel ya yi sako-sako, ki yanke ɗan guntu ki sake haɗa shi da wayarsa, idan ya tsattsage ki sayi sabo. Ki sa sabuwar allura, lamba 14 ta ishi atamfa, 16 kuma don yadi mai kauri. Ki fara gwaji a kan tsumma har mai ya daina fitowa. In har bayan duk wannan yana tsallake ɗinki, to ki kai wa mai gyara, aikin ya fi ƙarfin gida.

Ranar da mako ya cika na kira Goggo. Ta zauna, ta ɗora ƙafa a feda kamar jiya ta tashi daga kai. Da ta ji ƙarar nan sai kawai hawaye. Ta ce, "Malam yakan ce idan ya jiyo wannan ƙarar daga zaure ya san lafiya nake." Ni ma ban san sa'ad da na kama kuka ba.

Da keken muka ɗinka labulaye da zanen gadon amarya, kuma ranar jere shi aka fara shigarwa ɗakin Auta. Yanzu haka tana karɓar ɗinkin yaran unguwa, ba ta jiran kowa a kan kuɗin sabulu.

Don haka 'yan uwa, yau idan kun koma gida ku leƙa bayan gado da ɗakin shirgi. Wataƙila akwai irin na Goggo a can ƙura ta rufe shi. Ku nemi izinin Inna, ku gwada. In ya tashi, ku ɗinka masa riga don ƙura, ku riƙa ba shi mai a kai a kai. Allah Ya sa wa sana'armu albarka, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum.