Naira 6 ko naira 18: me ke cinye kati idan ka tura saƙo?

Ƙorafin da aka fi ji a rumfunan cajin waya na kasuwar Talata Mafara shi ne kamfanonin layi na zaftare kati a ɓoye: mutum ya tura tes ɗaya, a cire masa kuɗin uku. Ciran gaskiya ne, amma ba a ɓoye ake yin sa ba.

Daga 2013 har farkon 2025 tes ɗaya naira 4 ne a Najeriya. Da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, sai ya koma naira 6. Sai dai wannan kuɗin shafi ɗaya ne, kuma shafi yana ɗaukar haruffa 160 har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Matsalar Bahaushe a nan take. Jerin haruffan da aka gina tsarin SMS a kansa a Turai bai san ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga saƙo, sai waya ta koma wani tsarin da shafinsa haruffa 70 ne kacal, idan kuma saƙon ya rabu, kowane yanki ya koma 67. Ka rubuta wa ɗan'uwanka da ke Bakura saƙo mai haruffa 150 kan farashin shinkafa, naira 6 ne. Ka sa "ƙwarai" da lanƙwasarta, ya zama shafi uku, naira 18. Haka ma fuskar dariya ɗin nan da matasa ke liƙawa, haka rubutun Larabci da ajami. Yawancin wayoyi na nuna ɗan lissafi kusa da maɓallin turawa. Ka lura za ka ga ya yi tsalle daidai lokacin da ka taɓa ƙ. A ganina wannan haraji ne a kan mai son rubuta Hausa daidai, kuma ba laifinsa ba ne.

Batun wai ana cajin wanda ya karɓi tes kuwa, ba haka yake a nan ba. Mai turawa ke biya. A Amurka ne aka daɗe ana cajin mai karɓa, kafin tsarin biyan wata mai tes ba iyaka ya mamaye ƙasar, shi ya sa har yau mutanen can ba su rungumi WhatsApp kamar mu ba. Abin da ke rikita mutane shi ne alat na banki, wanda banki ke cira daga asusu, ba daga kati ba.

Sai masu iPhone da ke cewa saƙonsu kyauta ne. Rabin gaskiya ce. Shuɗin saƙo iMessage ne, tsakanin iPhone da iPhone, kuma data yake ci. Idan ya fito kore saboda wanda aka tura wa yana riƙe da Tecno ko Itel, galibi ya koma tes na kati ke nan, in kuma lambar ta Maraɗi ce, farashin ƙasar waje za a cira. Akwai sabon tsari mai suna RCS da Google Messages ke amfani da shi, wanda Apple ya karɓa a Satumban 2024, amma sai kamfanin layi ya goyi baya, kuma shi ma data yake ci.

Saƙon da ke yawo wai WhatsApp zai fara karɓar kuɗi idan ba ka tura wa mutum goma ba, ƙarya ce tsohuwa. Kamfanin ya soke dala ɗaya ta shekara tun 2016. Rubutu a WhatsApp ba ya cin wata datar kirki. Bidiyo da kallon status ne ke kwashe ta.

Shi ma zancen cewa buɗe tes kawai na iya yashe asusun banki ƙarya ne. Karantawa ba ta cire ko kwabo. Asara na zuwa ne idan ka danna adireshin da ke ciki ka cike bayananka, ko ka karanta wa wanda ya kira ka lambar sirri da banki ya turo.

Akwai kuma masu cewa tes na tafiya ko babu sabis. Abin da ba ya buƙata shi ne data, shi ya sa ƙaramar waya mai tocila kan isar da saƙo a ƙauyukan gefen dam ɗin Bakolori, inda WhatsApp ke ta juyi. Amma dole sai da ƙarfen sabis. Zamfarawa sun ga haka a Satumban 2021, lokacin da NCC ta sa aka rufe layuka a faɗin jihar bisa buƙatar gwamnan lokacin, Bello Matawalle, ɗan Maradun. Kira da tes da WhatsApp da lambobin banki duk suka tsaya tare, mutanen Mafara suka riƙa hawa mota zuwa ɓangaren Sakkwato don kawai su ji muryar 'yan'uwa.