Ganga marar kango da kalangun hammata

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kalangu a rumfar mahauta, ko a dandalin ƴan mata da farin wata a ƙauyukan Gazawa da Agye, ya san ido gula yake bi. Ita ke tashi tana sauka, ita ake gani. Amma rabin aikin yana ɗaya hannun. Kalangu na rataye a kafaɗa, an maƙale shi a hammata, dantse ya kwanta kan tsarkiya. Makaɗi ya matse, murya ta hau ta yi siriri. Ya saki, ta sauko ta yi kauri. Wani lokaci sau ɗaya zai doka gula, ya matse tun amon bai mutu ba, sai ka ji sautin ya lanƙwasa kamar na mai tambaya.

Dalilin ba nisa gare shi ba. Fata in ta ɗame, da sauri take karkarwa, sauti ya yi sama. In ta saki, karkarwar ta ragu, sauti ya yi ƙasa. Tsarkiyoyi sun haɗa bakin nan da wancan, shi kuwa kangon an sassaƙe shi da siririn ƙugu, saboda tsarkiya ta sami inda za ta lotsa in an danne ta, ta ja fatun biyu lokaci guda. Da wannan hawa da sauka ne kalangu ke magana, don Hausa kanta haka take tafiya. Faɗi "kuka" na hawaye, sannan ka faɗi "kuka" ta miya, ka saurari bakinka: ta farko sama take tsayawa, ta biyu faɗowa take a ƙarshe. Kalangu na iya raba su, shi ya sa mai take ke jin an kira shi tun maroƙi bai buɗe baki ba.

Turawa ma sun daɗe suna neman gangar da za a sauya wa murya ana tsakiyar kiɗa. Suna da manyan gangunan tagulla, timfani, masu feda da ake takawa, amma waɗannan sai babban zaure da masu ɗauka. Gangunan bandi kuwa, jerin nan da mutum ɗaya ke zama a tsakiyarsu yana kiɗa da hannu da ƙafa, kowace noti-noti ne kewaye da bakinta. In kana son sauya mata murya sai ka ɗauko makulli ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka ɗaure wannan ka sassauta wancan, taro na jiranka.

Wani makaɗi mai suna Al Payson, na babbar ƙungiyar kiɗa ta birnin Shikago a Amurka, shi ya fito da dabarar da kamfanin Remo ya shiga ƙerawa wajen ƙarshen shekarun 1960, aka sa mata suna rototom. In ka gan ta sai ka ce an manta ba a gama ta ba. Kango babu. Fata ce ta roba a kan zoben ƙarfe, ƙarƙashinta wasu ƙarafa biyu masu kama da gargaren keke, dukansu a kan doguwar ƙusa mai zare. Ka kama bakin gangar ka juya ta kamar mai tuƙin mota, sai ɗaya ƙarfen ya tokare fatar daga ƙasa, ta ɗame, murya ta hau. Ka juya baya, ta sauko. Faɗinta daga inci 6 ne zuwa 18, amma an fi ganin ƙananan uku, inci 6 da 8 da 10, jere a kan sanda ɗaya, a gefen sauran gangunan ko a samansu.

Ta yi tashe a shekarun 1970. Nick Mason na ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila ya kaɗa ta a faifansu na 1973, The Dark Side of the Moon, wani makaɗin, Bill Bruford, shi ma ya cika gabansa da ita. Daga baya gangunan lantarki suka shigo, yayinta ya ja baya, ko da yake har yau ana ƙera ta, kuma makarantun kiɗa na koyar da yara da ita don ba ta da nauyi.

To me aka rasa da aka cire kango? Kango shi ne cikin ganga. Iskar da ke cikinsa ce ke karɓar dukan ta juya shi, ta ba shi kauri da jela. Ganga marar kango amonta tas yake fita, mai kaifi, ya mutu nan take. A Tsibiri ta Gobir, cikin yankin Gidan Rumji, garin da Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, ba za a yi wannan cinikin ba. Tambarin fada kusan duk kango ne, ƙaton ice da fatar sa, ba a son ya yi ta sauya murya. So ake in an buga shi ƙirji ya amsa, na bayan ganuwa ya san akwai magana a gidan sarki. Sa rototom a wurinsa, a ce wani yaro ne ke buga kwano.

Danginta na kusa a wajenmu shi ne mandiri na masu bege da ƴan Ƙadiriyya: zobe ne marar zurfi, fata a fuska ɗaya, bayansa a buɗe. Na zamani ma da fatar roba da noti suke zuwa. Sai dai shi tun kafin a fara ake ɗaure shi, ba a juya shi ana cikin yi.

Fatar robar nan, wadda Remo Belli na kamfanin Remo ya fara sayarwa a 1957, ba abin rainawa ba ce, kuma duk makaɗin da ya yi biki da damina zai ba da shaida. Na taɓa ganin masu ganga a wani biki sun tsaya cak bayan yayyafi, don fata ta sha raɓa ta saki, ana duka tana amsawa kamar tabarma. Yaro ya ruga ya kawo kara, aka hura wuta, babbansu ya durƙusa yana kara bakin gangar a wuta yana shafawa da tafin hannu, ya ɗan ƙwanƙwasa da yatsa, ya girgiza kai, ya sake karawa. Mata na tsaye riƙe da ƙugu. Sai da ta ce "tan" sannan rawa ta koma. Roba ba ruwanta da raɓa ko hunturu. Masu kotso da taushi kuwa tasu dabarar daban: nake suke mannawa a tsakiyar fata, nauyinsa ya sauko da murya.

Amma a kan abin da aka ƙirƙiri rototom dominsa, ni dai kalangu na ba wa hannu. Mai rototom, in zai juya ta, sai ya janye hannu ɗaya daga kiɗa, kuma juyi na cin lokaci; da yawa ma ɗaure ta suke a murya ɗaya su bar ta haka har a tashi. Mai kalangu kuwa tsakanin duka da duka yake sauyawa, gularsa ba ta tsaya ba. Da wannan kayan Mamman Shata ya yi shekaru yana riƙe taro har rasuwarsa a 1999. Ƙungiyar Mamar Kassey ta Yamai, wadda Yakuba Mumuni ya jagoranta tun 1995, ta zaunar da kalangu kusa da gita ta lantarki, ta zaga Turai da shi, bai ji kunya ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne a bukukuwanmu na yanzu da ɗakunan ɗaukar waƙa, fiyano ɗaya ke yin komai. An naɗi muryar kalangu an zuba a na'ura, yatsa na dannawa, tana fitowa iri ɗaya daga fari har ƙarshe, ba ta san sunan kowa ba. Ku samarin da ke haɗa kiɗa a Maradi da Gidan Rumji da Gazawa, in kun sami rototom ku saya ku gwada, babu laifi. Amma kafin ku aika kuɗi waje, ku leƙa unguwar makaɗa, ku ɗauko mai kalangu ku ba shi kujera da lasifikarsa a gefen gangunan bandi, ku kuma biya shi kamar yadda kuke biyan mai fiyano.